Man Fari a Shagon Ambo Rappe

Ambo Rappe ɗan masunci ne. A kan ruwa aka haife shi, cikin ɗaya daga gidajen goran nan da ke shawagi a tafkin Tempe, waɗanda iska kan juya wa fuska yadda ta ga dama. Ubansa ya so ya gaje shi, amma yaron ya taso da wani lahani da ba a taɓa gani a zuri'arsu ba: jiri yake yi a kwalekwale. Duk ranar da aka fita da shi jefa koma, sai a dawo da shi kwance a kan kifi, yana numfashi sama-sama. Da uban ya gaji, sai ya saya masa tsohon keke, ya ce ya hau tudu ya nemi abin yi, tunda ruwa ya ƙi shi.

Da keken nan ya fara talla a ƙauyukan masaƙa da ke kewaye da Sengkang. Allura da zare, sabulu, matsefi, ƙananan madubai, da hodar shinkafa wadda mata ke kwaɓawa su shafa don rana. Yakan tarar da su a ƙarƙashin gidaje, tsakanin ginshiƙan da ke ɗauke da gidajen, kowacce a gaban masaƙarta ta siliki, sai ya jingina keke ya baje kaya a kan tabarma. A nan ya gano baiwar da Allah ya yi masa, wato ba ya musu da kowa. In mace ta ce sabulunsa ya yi tsada, sai ya ce gaskiya ne. In wata ta ce ya yi araha har tana shakkar ingancinsa, sai ya ce shi ma ya yi wannan tunanin. "Iye, Puang", wato "to, ranki ya daɗe", ba ta barin bakinsa, ko da kuwa wadda yake magana da ita ba ta kai a ce mata Puang ba. Mata suka so shi, don a gidajensu ba su saba jin namiji ya yarda da maganarsu ba.

A ɗaya daga ƙauyukan ya haɗu da Cenning. Masaƙiya ce wadda ake ji da ita, baƙa, irin baƙin nan mai sheƙi, ga dariya mai ƙarfi. Ta ɗauki matsefi ta ce haƙoransa sun yi kama da na mai sayar da shi. Ya ce iye. Ta dube shi ta ce ko ya ji abin da ta faɗa kuwa. Ya ce ya ji, kuma ta fi shi ganin haƙoran nasa. Daga ranar keken ya riƙa lalacewa daidai ƙofar gidansu, har iyayenta suka gaji da ba shi shayi suka ce ya turo manyansa.

Bayan aure da 'yan shekaru ya sami rumfa a babbar kasuwar Sengkang, a layin masu kayan kwalliya. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Suriani. Indo Cenning, kamar yadda aka koma kiranta bayan ta zama uwa, ta ci gaba da saƙarta a gida, shi kuma yana shago. Maƙwabcinsa na dama wani ne La Beddu, gajere mai tumbi, wanda ke sayar da duk abin da Ambo Rappe ke sayarwa. Kullum da safe sukan sha gahawa tare, kowa na satar kallon kantar ɗan'uwansa. Haka suka yi shekaru masu yawa, ba wanda ya yi arziki, ba wanda ya kwana da yunwa.

Wata rana wata mata ta zo daga Makassar a mota, awarwaron zinariya tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwa, fuskarta fara tas kamar tangaran, ko da yake wuyanta da kunnuwanta ba su sami labarin ba. Ta ajiye masa ƙananan gwangwanaye a kan kanta, na safe fari, na dare rawaya, babu suna babu rubutu. Ta ce haɗin gida ne, kuma cikin mako biyu mace za ta wuce mijinta a hanya bai gane ta ba. Ambo Rappe ya buɗe ɗaya ya sansana. Ƙarƙashin turaren akwai wani wari kamar na tsohon ƙarfe, man kuma yana yauƙi yana ƙyalli. Bai ce mata a'a ba, don bai iya ba. Cewa ya yi ta bari ya yi shawara. Ta kwashe kayanta ta yi taku uku zuwa wurin La Beddu, wanda bai taɓa yin shawara da kowa ba a rayuwarsa.

Kafin wata ya zagayo, layin mata ya tashi daga gaban shagon La Beddu har ya rufe ƙofar na Ambo Rappe. Matan da ya sani tun suna goye a bayan iyayensu suka riƙa jingina da kantarsa suna jiran layi ya zo kansu a maƙwabta. Wasu kan sayi fil guda don kunya. Tunda kuma wadda ta je sayen mai ba za ta ƙi haɗawa da sabulu da hoda a wuri ɗaya ba, sai cinikinsa ya tsaya cak.

A cikin wannan hali Puang Aji Hadera ta zo masa. Matar wani babban ma'aikacin gunduma ce, ta je Makka sau biyu, ita ke shugabantar taron karatun mata na unguwarsu da adashinsu da kusan duk wani abu da ake zama a kujera a yi. In ta sayi abu a shago, washegari rabin matan gari sun saya. Ta zauna a kujerar da ya goge mata, ta yi masa faɗa a hankali, irin na manya. Ta ce ita tun yana kan keke take ciniki da shi, kuma ba ta jin daɗin cusa kanta cikin 'yan mata a shagon La Beddu, mutumin da ko gaisuwa bai iya ba. Ya ce mata warin man ne bai kwanta masa ba, kuma babu sunan wanda ya yi shi.

"Daeng, kai likita ne?" in ji ta, tana kiransa da sunan girmamawa da ake kiran namiji da shi a garin.

Ya ce a'a, Puang.

"To mu ba yara ba ne. Fuskokinmu ne, kuɗinmu ne. Aikin mai shago ya kawo abin da mutane ke so, ba ya zaɓa musu ba. In ka fi mu sanin abin da ya dace da mu, sai ka faɗa mana mu nemi wani wurin."

Ya ce iye, Puang. Da matar Makassar ta sake zuwa, shi ya fara tare ta tun a bakin kasuwa.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwarsa ta kasuwa. Ya fi La Beddu iya magana da mata, don haka layin ya dawo gabansa. Ya sa gilashi a kanta, ya rataya babban madubi da fitila mai haske fari, wadda ke sa kowa ya ga kansa ya fara washewa tun bai shafa komai ba. Ya koyi wasu 'yan maganganu da yake maimaitawa. In yarinya ta yi jinkiri, sai ya ce mata ai kyakkyawa ce, haske kaɗan kawai ya rage. In ta dawo tana kukan fuskarta na zafi tana saɓulewa, sai ya ce alamar man na aiki ke nan, tsohuwar fata ce ke ba sabuwa wuri, don haka matar Makassar ta ce a riƙa faɗa. Ya sauya rufin gida, ya sayi babur, ya kai Suriani makarantar koyon jinya. Warin ƙarfen bai daina ba, amma hancinsa ya saba. Garin kuwa ya cika da fararen fuskoki a kan baƙaƙen wuyoyi, har ya zama in an yi hoton biki sai ka rantse 'yan gida ɗaya ne.

Abin ya fara ɓaci ne a kan wata amarya mai suna Jumriah. Saura kwanaki bikinta ta ninka shafawa, safe da rana da dare, don dangin ango daga Makassar za su zo. Fuskar ta kumbura ta yi jawur, ta fashe da ƙuraje masu ruwa, har mai kwalliya ta ce ba za ta ɗora hoda a kan wannan ba. Aka yi biki amarya na lulluɓe, baƙi na ta raɗa. Ba a gama wannan maganar ba sai aka nuna a talabijin cewa hukuma ta gwada irin waɗannan mayuka marasa suna ta sami zaiba a ciki, kuma zaiba na ratsa fata ta sauka a ƙoda, ta taɓa jijiya, ta kai har ga ɗan da ke ciki. Nan da nan kowace mace ta tuna da wani ciwo da take fama da shi. Mai ciwon kai ta tuna, mai rashin barci ta tuna, har wadda ta faɗi daga babur ta ce jirin man ne.

Aka kafa ƙungiyar iyaye mata masu kare lafiyar iyali, kuma ba sai an faɗi wadda aka zaɓa shugaba ba. Suka ɗinka anko kore. Ranar kasuwa da hantsi, Ambo Rappe na cikin jera sabulu sai ya ji hayaniya daga bakin layi. Ya leƙa ya ga mata sun doso da kwalaye a sama, an rubuta cewa 'yan kasuwa su ji tsoron Allah, kuma lafiyar mata ba kayan sayarwa ba ce. Suka wuce shagon La Beddu, wanda tun da asuba ya kwashe nasa ya kai gidan surukarsa, yana tsaye a ƙofa da carbi yana gyaɗa musu kai. A gaban Ambo Rappe suka tsaya, don shi ne ya fi ciniki, kuma nasa na nan jere cikin gilashi ƙarƙashin fitila.

Ya dubi taron, bai ga baƙuwar fuska ko ɗaya ba. Ya san wadda ke sayen na dare kawai, ya san wadda ke aiko direba, ya san wadda ke cewa na ƙanwarta ne. Wayoyi sun yi sama ana ɗaukarsa. Puang Aji Hadera ta karɓi lasifika ta yi jawabi mai kyau ƙwarai. Ta ce mata sun amince da shi ya ci amanarsu. Ta ce mai shago ba bango ba ne da za a jingina masa komai ya riƙe, dole ya san abin da yake miƙa wa mutane, kuma in abu ba shi da suna ba shi da rajista, to wanda ya ajiye shi a kantarsa shi ne sunansa. Ta ce daga yau ba mai sake sayen ko allura a wurinsa har sai ya kwashe gubar nan. Uwar Jumriah na gefe tana kuka, kuma kukanta na gaskiya ne.

Wata magana ta taso masa har maƙogwaro, game da wata kujera da ya taɓa gogewa da wata tambaya da aka taɓa yi masa ko shi likita ne. Ya dubi wayoyin, ya dubi uwar Jumriah, ya haɗiye. Ya ce iye, Puang, ya buɗe gilashi ya fara zuba gwangwanaye cikin buhu.

Saurin amincewarsa ya ɗan rage wa taron armashi, don an shirya za a daɗe, har an yi odar abincin rana. Amma Puang Aji mace ce mai dabara. A take ta juya jawabin ta ce ga misalin ɗan kasuwa mai jin kira. Bayan mako guda aka yi biki a harabar ofishin gunduma, aka jibge kayansa a kan tebur, manya suka sa safar hannu suka ɗaga gwangwani ɗaya-ɗaya aka yi hoto. Aka ba shi allo mai firam da aka rubuta Shagon Amana, Puang Aji da kanta ta zo ta nuna inda za a kafa ƙusa. Hotonsa ya fito a jaridar lardi, yana murmushi kamar wanda aka taka wa ƙafa a masallaci.

Abin da ƙungiya ba ta sani ba shi ne akwai sauran katan guda a gida, wanda aka kawo ana gobe zanga-zangar. Ya tura shi ƙarƙashin gida, bayan tsohuwar masaƙa, ya rufe da buhu. Ba wai ya yanke shawarar sayarwa ba ne, kuma bai yanke ta zubarwa ba. Ya dai san garinsu, ya san ƙura kan lafa. Ya bar katan ɗin ya jira ya ga wanda zai zo ya gaya masa abin da zai yi.

A watannin nan ne ya fara lura da matarsa. Ya daɗe da ganin ta yi haske, amma ya ɗauka zaman inuwa ne da sauƙin rayuwa, har ya taɓa yaba mata. Yanzu kuwa zare ya riƙa tsinkewa a hannunta. Macen da ke saƙa zanen da ake kai wa amaren manyan gida ta koma kwance aikin yini da yamma. Ta daina dariyar nan tata, abu kaɗan ta fusata, ƙafafunta suka kumbura. Wata safiya ta miƙo masa gahawa, kofin na kaɗawa a kan faranti har ya zube. Da ta shiga wanka sai ya sauka ƙarƙashin gida ya ɗaga buhu. An farke katan ɗin ta gefe, layin sama babu.

Ya hau da gwangwani ɗaya a hannu ya jira ta. Ba ta yi musu ba. Ta ce ta fi shekara uku tana shafawa, da can a shago take ɗauka in ta kai masa abinci, da aka kwashe na shago sai ta koma na ƙasa, don in ta bari kwana biyu fuskar sai ta yi duhu fiye da da, ta yi ta ƙaiƙayi. Ya tambaye ta me ya kai ta, shi da bai taɓa cewa launinta bai yi masa ba.

"Ba ka taɓa ce mini ba, Baban Suri," in ji ta. "Amma ina zaune a bayan kanta da kwanon abincinka kana gaya wa matan da suka fi ni haske cewa haske kaɗan ya rage musu. Ka ɗauka kurma ka aura?"

Ko iye ɗin ma ta ƙi fitowa.

Suriani, wadda a lokacin ta fara aiki a wani asibiti a Makassar, ta zo ta tafi da uwarta. Aka yi gwaji aka sami abin da ake tsoro, ƙodar ta taɓu amma ba ta mutu ba. Suka yi makonni a can. Ambo Rappe ya rufe shago ya bi su, yana kwana a tabarma a barandar asibiti tare da sauran masu jinya. Suriani ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Abu ɗaya ta ce masa game da katan ɗin, kada ya ƙona, kada ya binne, kada kuma ya kuskura ya zuba a tafki inda danginsa ke kamun kifi. Ya ajiye har ta sami inda ake karɓar irinsa.

Da suka dawo gida, Indo Cenning ta rame, fuskarta ta yi dabbare-dabbare, baƙi a kumatu, toka-toka a goshi. Ba ita kaɗai ba ce. Duk matan da suka daina shafawa bayan zanga-zangar haka fuskokinsu suka koma, don fatar ta yi laushi, rana kaɗan sai ta ƙone. Takunkumin rufe hanci ya yi tsada a garin ba tare da wata annoba ba. Sai aka fara zuwa masa gida. Ba a zuwa shago, don allon na nan. Akan zo bayan azahar, lokacin da unguwa ta yi shiru, a tsaya a gindin matakala a yi sallama ƙasa-ƙasa. Kowacce takan fara da duba mai jiki, ta ajiye ayaba ko barongko, wani kek na ayaba da ake turarawa cikin ganye, a faranti, sannan a hanyar fita ta rage murya ta ce ko akwai ɗan saura, ko rabin gwangwani ne, na kwana biyu kawai kafin wani biki. Wasunsu ma da koren ankon suke zuwa, daga taro.

Ta farko da ya ce wa babu, sai da ya ji gumi ya karyo masa. Ba ƙaryar ce ta dame shi ba, kalmar ce ba ta saba da bakinsa ba. Ta biyu ta fi sauƙi.

Puang Aji Hadera ta zo a ƙarshe, ita kaɗai, ta bar mota a bakin titi. Tana sanye da takunkumi da faffaɗan tabarau. Ta duba Indo Cenning, ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta ce tana son magana da Daeng a ƙasa. Suka tsaya tsakanin ginshiƙai, kusa da masaƙar da ƙura ta rufe. Ta ce ɗanta zai yi aure a wata mai zuwa, 'yar wani babban mutum zai aura, kuma ita za ta zauna a kan dandamali gaban mutum dubu da masu hoto. Sai ta cire tabarau ta sauke takunkumin. Ambo Rappe ya sunkuyar da kai. Ya ga fuskoki da yawa a watannin nan, amma tata ta fi, don ta fi kowa daɗewa tana shafawa. Tausayinta ya kama shi sosai. A lokacin ba shugabar komai ba ce, tsohuwa ce mai jin kunyar fita.

Ta ce ta san yana da saura, don matar Makassar ta gaya mata adadin da ta kawo masa, kuma ita ta ƙirga abin da aka jera a kan tebur ranar biki. Idonta na kan buhun da ke bayan masaƙa.

"Akwai, Puang," in ji shi. "Ga shi can. Amma ba zan bayar ba."

Ta dube shi kamar ba ta gane harshen da ya yi magana da shi ba. Sannan ta ce ba kyauta take nema ba. Ya ce ya sani. Ta ce na wata ɗaya ne kawai, daga an gama biki ta daina har abada. Ya ce haka matarsa ta riƙa gaya wa kanta. Ta mayar da takunkumi, muryarta ta koma irin ta lasifika.

"Ka manta wanda ya sa aka rataya maka allon nan?"

"Ban manta ba, Puang. In kina so a cire, gobe sai in kawo miki gida."

Ba ta so a cire ba. Allon na cikin rahoton ƙungiya na shekara, da hotonta a gefensa. Ta juya ta tafi ba sallama. A ranar bikin ɗanta aka gan ta a kan dandamali fara sol, tana ƙyalli ƙarƙashin fitilu, kowa na cewa Puang Aji ba ta tsufa.

Inda ta samu ba ɓoyayye ba ne. La Beddu bai sake ajiye gwangwani ko ɗaya a kanta ba. Ta waya ake yi masa magana, a kawo wa mace har gida cikin kwalin sabulun wanki. Man ma ya sami ci gaba, yanzu yana da suna na ƙasar waje da hoton fure da wata lamba a gindi wadda ba wanda ya taɓa bincikawa. Mata suka koma can da sauran cinikinsu, don ba daɗi ka sayi hoda a wurin mutumin da ya ga fuskarka ba takunkumi ya kuma ce maka a'a. Ba wanda ya kira wannan ƙaurace wa shago. Ba kwali, ba lasifika, kawai dai aka daina zuwa. La Beddu ya ɗora bene a gidansa, ya kuma ba ƙungiya gudummawar kujeru.

Indo Cenning ta samu sauƙi a hankali. Rawar hannun ta ragu amma ba ta tafi duka ba, don haka saƙar siliki ta ƙare mata, aka ba wata 'yar ƙanwarta masaƙar. Launinta ya dawo, da tabo a kumatu wanda ba ta rufewa. Ta koma zama a shago tare da shi, kuma ita ta ce tunda mata sun tafi sai a nemi maza. Aka cire madubi da fitilar. Aka kawo ƙugiyoyin kamun kifi, batir, tocila, maganin ɓera, maganin feshin gona, da taba sigari kala-kala. Masunta daga tafki, 'yan uwansa na dā, suka zama abokan cinikinsa, suna tsokanarsa cewa har yanzu dai a bakin ruwa yake ci. Ba a yi arziki ba, babur ɗin ma an sayar lokacin jinya, amma ana ci ana sha.

Duk shekara ƙungiya kan gayyace shi taronta, a zaunar da shi a layin gaba a matsayin ɗan kasuwar da ya ji kiran jama'a. Yakan sa rigarsa ta zuwa biki ya je, don har yanzu gayyata ba ta cikin abubuwan da ya iya ƙi. In an miƙa masa lasifika yakan ce abu ɗaya ne, man nan guba ne ko da suna ko babu, matarsa shaida ce. Sai zauren ya ɗauki tafi, layi-layi na fararen fuskoki masu sheƙi, a ba shi kwalin abinci ya kai gida.

A wani taron, da aka zo shan shayi, ya matsa kusa da Puang Aji, wadda ta koma amsa gaisuwarsa, ya ce mata akwai abin da ke damunsa. Yaran makaranta na zuwa sayen sigari kara ɗaya-ɗaya, wasu ko gashin baki ba su fara ba, ko ƙungiya za ta duba lamarin. Ta ce magana ce mai muhimmanci, za a kafa kwamiti. Mijinta, wanda ya yi ritaya, yana cikin manyan masu sayen sigari a shagon, kwali-kwali yake ɗauka.

Kwamitin bai zauna ba tukuna. Ambo Rappe da matarsa suka yanke nasu hukuncin, ba sa sayar wa duk wanda ya zo da kayan makaranta. Yaran sun karɓi dokar ba gardama. Sukan zagaya bayan masallacin kasuwa su cire farar rigar su cusa a jaka, su dawo da singileti. Indo Cenning takan gane su ta wando da takalmi ta kore su da tsintsiya. In ta tafi sallah ta bar shi shi kaɗai, wani lokaci yakan gane su, wani lokaci kuma yaro kan ce babansa ne ya aiko shi, kuma Ambo Rappe ya san uban, ya san yana sha.